Sunan Da Na Soke Da Hannuna

Masu karatu, sallama gare ku, amma yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa. Na ga saƙonninku. Wasu na cewa in turo hoton lefe, wata kuma ta dame ni da tambayar wace mai lalle na ɗauka. Ku aje wannan tukuna. Abin da zan faɗa yau ba abin yabo ba ne, kuma ba na neman mai ce mani ai kowa ma haka zai yi. Na san kowa na iya yi. Ni ce dai na yi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Ramla Habibu, shekarata ashirin da shida. Gidanmu na unguwar Gobarau a birnin Katsina, Baba kuma littattafan addini yake saidawa a bakin masallaci. Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yaya Furera. Yaya malamar firamare ce a wani ƙauye bisa hanyar Batsari. Wata ashirin da biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da ta shigo, ranar wata Alhamis tana dawowa gida, suka shige daji da mutum tara. A lokacin saura wata biyu bikinta da Sada.

Ba a taɓa kiranmu a kanta ba. Bayan wata huɗu aka sako Audu, direban motar, ya rame har Baba bai gane shi ba sai da ya yi magana. Ya zauna a zaurenmu ya ce Yaya ta kwanta zazzaɓi kwana shida, kuma da idonsa ya ga an naɗe ta cikin tabarma an ɗora bisa babur an tafi da ita. Baba ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, Audu ya dafa. Aka yi mata sallar gawa ba gawa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Inna ta rabar da tufafinta har ɗan kwalin da take ɗaurawa in za ta yi wanki.

Tun kafin zuwan Audu nake zuwa wurin ƙungiyar Masu Jira. Mama Tabitha ce ta tara mu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin Kaduna, ta haura shekara talatin a Katsina, kuma ɗanta Victor shekararsa uku a daji. Duk Asabar da hantsi muna haɗuwa a tsakar gidanta a Ƙofar Sauri, ƙarƙashin bishiyar bedi, masu hijabi da masu ɗan kwali, kowa da hoton nasa a jaka. Ba mu da ofis, ba mu da mota. Benci shida gare mu da wani baƙin littafi.

A cikin littafin muke rubuta duk wanda ke hannun mutanen daji: sunansa, sunan ubansa, garinsu, da sunan mai jiransa. In aka sako wani, mu je mu zauna da shi ya faɗa mana su wa ya baro can. Mu rubuta takardu mu kai ofisoshi, a buga mana hatimi a ce mu dawo wani mako. In kuma aka buɗe maganar sulhu, sai mu kwafe sunayen mu ba Malam Dabo, wani tsohon dillalin shanu da suke bari ya shiga wurinsu. Mutanen nan dabararsu ɗaya ce. Wanda ba a kira sunansa da na ubansa ba, sai su ce ba su taɓa ganinsa ba.

Ni ce mai rubutu, don rubutuna ya fi fita. Asabar ɗin da ta biyo bayan arba'in, ni na ja layi bisa sunan Yaya. Mama Tabitha ta ce in bari wani ya ja, na ce a'a. Kuma ban daina zuwa ba. Mutane suka riƙa yabona, wai 'yar'uwarta ta rasu amma tana tsaye ma 'yan'uwan wasu. Gaskiyar magana ban san inda zan kai kaina ranar Asabar ba ne.

Da aka shekara da ɗauke ta, Gwaggo Rabi, yayar Baba, ta zo da magana. Ta ce lefe na nan a kulle, yaro na nan bai nemi kowa ba, ga Ramla zaune. A maye mashi gurbi, zumunci ya ɗore.

Tun yanzu in faɗa maku, ba wanda ya yi mani dole. Baba ya kira ni ya tambaye ni, na sunkuyar da kai. Ni kaɗai na san abin da ke cikin sunkuyon nan. Tun zamanin da nake kai wa Sada tabarma da ruwa in ya zo zance wurin Yaya, nakan daɗe bayan ƙyaure fiye da yadda ya kamata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku. Aka sa rana. Juma'ar mako mai zuwa ce.

Ranar Talatar da ta wuce, saura kwana goma, ina zaune a ɗaki an shafe ni da dilka har wuya, turaren wuta na ci ƙarƙashin kujera, saƙon Mama Tabitha ya shigo.

"Amarya, an sako wata mata, Saudatu, tana gidan ƙanenta a Ƙofar Marusa. Ƙafata ta kumbura. Ki daure ki je."

Inna ta ga ina wanke hannu, ta ce, "Ina kuma za ki da tsakar ranar nan? Duk wahalar da ake yi da fatar taki rana za ki kai mawa ta cinye?"

"Yanzu zan dawo, Inna."

"Yanzunki na sani."

Na zura dogon hijabi ruwan toka, na ɗauki takarda da biro, na tari kurkura, keken nan mai ƙafa uku, a bakin titi.

Na iske Iya Saudatu zaune a ƙasa, ga kujera kusa da ita ta ƙi hawa. Ba za ta wuce shekara arba'in ba, amma tafin hannunta ya tsage kamar na tsohon manomi. Muka gaisa, na yi mata barka da arziki, na ce Ramla ce daga Masu Jira. Iyakar abin da ta sani game da ni ke nan.

Na ce, "Iya, me suke sa ku yi a can?"

"Mi ne ba su sa mu ba, ɗiyata? Daka, ɗibar ruwa, itace, noma. In kin ji an ce an tsare mutum a daji, kada ki ɗauka zaune yake. Gonar mai dabarmu, babban ɓarayin wurin, mu munka nome ta damina biyu. Wanda ya gaza, a saida shi gaba kamar akuya."

Ta fara lissafo mani waɗanda ta baro. Tana faɗa, ina rubutawa. Wani makiyayi da ɗansa, mata biyu 'yan garinsu, wani mai gyaran rijiya. Biyar ke nan. Sai ta ɗan yi murmushi.

"Sai Malama. Ita ɗiyar birni ce, nan Katsina. Furera. Ubanta Habibu."

Biro ya tsaya a hannuna. Na ce, "Furera nawa ne a duniya, Iya. Ya take?"

"Doguwa, mai wushirya. In za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu, ko mu mata zalla ne a wurin. Daga wata daba anka kawo ta, naɗe cikin tabarma, ba ta san inda kanta yake ba. Babur guda mai dabarmu ya ba da ya amso ta, don ya ji an ce ta iya karatu. Da safe ta yi daka da mu, da rana ta koya ma ɗiyansa baƙi. Ita ba ta da hutun da mu ke samu ma."

"Tana da lafiya?"

"Tari dai ke damun ta in sanyi ya shigo. Amma bakin nan nata bai mutu ba. Kullum zancen wani Sada. Wai ko shekara goma ta yi zai jira ta. Mu ce, Malama, namiji ne fa. Ta ce ku ba ku san shi ba."

Ta leƙo takardata, duk da ba ta iya karatu ba.

"Kin rubuta ta?"

"Na rubuta."

Ban rubuta ba.

Ni ɗin nan na zauna gaban waɗanda aka sako sun fi arba'in. Na sha jin haushin dangin da ke ɓoye sunan 'yarsu don gudun surutun unguwa. Na taɓa miƙewa a taro na ce duk wanda ya san inda ake bautar da mutum ya yi shiru, da hannunsa a cikin bautar. Aka tafa mani, har wani ya ɗauke ni a waya. Ranar da abin ya zo ƙofata, na ninke takarda na sa a jaka na ce wa matar Allah ya ƙara sauƙi.

A cikin kurkura wayata ba ta huta ba. Ƙawaye na faɗa a guruf a kan anko, wasu na son atamfa mai ruwan goro, wasu sun ce ta yi duhu a hoto. Sada ya turo, "Amaryata, an ci abinci ko sai na zo na yi rarrashi?" Sai kiran Mama Tabitha.

"Nawa ta ba ki?"

"Biyar, Mama."

"To madalla. Ki zo da wuri ran Asabar. Malam Dabo zai amshi takarda, Lahadi zai shiga. Kin san in ya fito ba mu san ranar da za su sake buɗe ƙofa ba. Ta bara sai da muka yi wata goma sha ɗaya muna jira."

Na ce to.

Laraba gidanmu ya cika da mata ana suyar dubulan da alkaki na gara. Hayaƙi, ƙaurin mai, yara na satar na gefen tire, Gwaggo Rabi na zaune bisa turmi tana ba da umarni. Bayan azahar na ja hannun Inna zuwa ɗaki. Kafin in rufe ƙofa Gwaggo ta sa ƙafa.

"Wace magana ce za a yi ba da ni ba?"

Na faɗa masu duk abin da Iya Saudatu ta ce, ban da zancen Sada.

Inna ta zauna a bakin gado, hannunta duk gari. Ta ce, "Mata nawa ke da wushirya, Ramla."

"Inna, ta ce tana rufe baki da bayan hannu."

Inna ta zuba wa bango ido, hawaye na bin wuyanta.

Gwaggo ta maida ƙofa ta rufe, ta rage murya.

"Ke Ramla, ki ji tsoron Allah. Mutum nawa suka yi ma yarinyar nan salla? Liman ya yi addu'a, an ci sadaka sau uku. Yanzu ubanki ya fita ya ce ma gari me? A kan maganar wata baƙauya da ta fito daji ba a san ko hankalinta ɗaya ba?"

"Hankalinta lau, Gwaggo."

"To na ji, ita ce. Wata ashirin da biyu a hannun waɗannan mutane. Kin san yadda za ta dawo? Da goyo ko da ciki? Kina ganin dangin Sada za su amshe ta? Ita ba ta samu ba, ke kin rasa, an yi biyu babu. Ki bari a ɗaura aure. Bayan biki a bincika a tsanake."

Na ce, "Asabar za a ba da takardar sunaye."

"Sai ta jira ta gaba."

"Ta gaba na iya kai shekara."

"Wadda ta yi wata ashirin da biyu Allah bai kashe ta ba, shi zai ci gaba da tsaron ta."

Na juya wurin Inna. Ta girgiza kai a hankali ta ce, "Ni kada ku tambaye ni. Na binne ta sau ɗaya. In kuka ɗaga mani rai aka dawo aka ce ba ita ba ce, ban san ko zan tashi ba."

Da Baba ya dawo daga kasuwa Gwaggo ta riga ni zuwa wurinsa. Ban san yadda ta jera mashi maganar ba. Ya dai kira ni, yana tsaye ko hula bai cire ba, ya ce, "Audu ya dafa Alƙur'ani a zauren nan. Ban son in sake jin zancen nan a gidana." Tuwon da aka kai mashi haka aka ɗauko shi.

Kuna jiran in ce na tsani Gwaggo a ranar. Ban tsane ta ba. Duk abin da ta faɗa, tun Talata zuciyata ke faɗa mani shi. Da na ji shi a bakin babba sai na ji sanyi, kamar an sauke mani tulu daga ka. Wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan.

Alhamis bayan la'asar Sada ya zo. Wutar sola yake haɗa wa mutane, kullum hannunsa da ƙujewa, amma ranar ya sha shadda ruwan sararin sama da hula zanna, ƙamshinsa ya riga shi shigowa zaure. Ni kuma doguwar rigar atamfa ce a jikina da mayafin da ya kawo mani da salla. Na shimfiɗa mashi darduma, na zauna daga gefe.

Ya ce, "Wannan dilka ta yi aiki. Na kusa in ce a kira mani Ramla."

"Sannu da zuwa, Yaya Sada."

"Saura kwana takwas a daina Yayan nan. In kika kira ni Yaya a gidana tara zan ci ki."

Ban yi dariya ba. Ya dube ni ya gyara zama.

"Wa ya taɓa ki?"

Na riga na shirya yadda zan faɗa mashi a hankali. Na yi tunanin zai zabura, ko ya yi salati, ko ya fashe da kuka irin wanda ya yi ranar sadakar uku har sai da aka riƙe shi. Na ce, "Yaya Furera na da rai. Wata mata da aka sako ta zauna da ita."

Bai zabura ba. Ya cire hularsa ya riƙa juya ta a hannu, yana kallon ɗinkin.

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji."

"To?"

Idonsa na kan hular ya ce, "Ta kira ni."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Wa?"

"Da azumi. Ina bisa rufin wani gida da hantsi, baƙuwar lamba ta shigo. Na ɗauka, aka ce, Sada, ni ce. Sai aka fizge wayar, wani ƙato ya ce in ina son ta in kira wannan lambar."

"Ka kira?"

"An riga an sa mana rana, Ramla."

"Ka kira?"

"Na ce ma kaina 'yan damfara ne. Suna kwaikwayon murya, ke ma kin sani, a wurin aikinku kun sha gani."

"Muryarta ce?"

Wani mai tallar rake ya wuce ta ƙofar gida yana kira. Sai da muryarsa ta ɓace Sada ya ce, "Muryarta ce."

Na ƙirga a raina. Wata biyar. A lokacin ne ya canza layi, ya ce mani tsohon ba ya kama sabis a shagonsa. Ni da kaina na bi dangi ina raba masu sabuwar lambar.

Na ce, "Lambarka kaɗai ta haddace. Ko ta Baba ba ta riƙe ba, kullum sai ta duba waya."

"Na sani."

"Wata biyar tana kiran layin da ka jefar."

"Ramla, ki saurare ni. Shekara guda na yi ina mata kuka. Ban ci ba, ban yi aikin kirki ba. Sai da na fara zama mutum, na fara ganin ki a matsayin matata, sannan waya ta shigo. Me kike so in yi? In zo in ce ma Baba a fasa? In ce maki ki koma ƙanwa? Ke nake so yanzu. Allah ya sani ban iya komawa baya." Ya matso kaɗan. "Mu bari a ɗaura. Wallahi bayan biki ni da kaina zan shiga gaba a nemo ta."

Maganar Gwaggo ce sak, sai dai da muryar da nake so.

Na buɗe baki zan zage shi, sai na tuna takardar da ke cikin jakata mai suna biyar. Da wane baki? Na ce, "Ni ma tun Talata na sani. Ban rubuta sunanta ba."

Masu karatu, da kun ga fuskarsa. Ta saki. Ya sauke numfashi, har ya maida hularsa.

"Kin gani ko? Ke ma kin fahimta. Na san ke mai hankali ce."

Murna yake ya samu abokiyar laifi. Na hango mu a ɗakin da aka yi wa sabon fenti a Ƙofar Marusa, ni da shi, muna cin abinci a kwano ɗaya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya binne, kowa na riƙe da wuyan wani. A daidai wannan lokacin kuma Yaya na can gindin turmi tana tari, tana ce wa mata ku ba ku san shi ba.

Na miƙe na ce Inna na kira na. Ba wanda ya kira ni.

Juma'a ban fita ba. Tela ya turo cewa ɗinkin fitar biki ya kammala in zo gwaji. Sada ya turo saƙo bakwai, na ƙarshen ya ce, "Ki yi mani alkawari ba za ki yi gaggawa ba." Ban ba kowa amsa ba. Ba wai na yanke shawara ba ne. Gajiya ce kawai. Na kwanta ina jin mata na jera gara a tsakar gida suna gardamar wace roba ta fi kyau.

Asabar na isa Ƙofar Sauri mutane sun fara cika bencina. Fuskokin dai su ne, sai dai kowace ta ƙara faɗawa. Wani dattijo ya buɗe da addu'a, Mama Tabitha ta rufe da tata, ƙafarta na bisa ƙaramar kujera an naɗe ta da bandeji. Malam Dabo na gefe bisa buzunsa, da sandarsa da rawanin da ya koɗe, yana ɓantarar goro kamar ba shi zai shiga daji gobe ba.

Na zauna na kwafe sunaye a farar takarda. Sittin da uku. Na aje biro. Na sake ɗauka. Na rubuta na sittin da huɗu, na miƙa wa Mama Tabitha.

Ta sauko da tabarau bisa hanci tana bi da yatsa. Da ta kai ƙasa yatsan ya tsaya.

"Ramla, wannan fa?"

"Shida ta ba ni, Mama. Na ce maki biyar."

"Tun Talata?"

"Tun Talata."

Ta cire tabarau ɗin ta dube ni. Na so ta yi mani tsawa, da ya fi mani sauƙi.

"Ni da za a ce mani an ga Victor, ko takalmi ba zan tsaya sawa ba." Ta aje tabarau ɗin bisa cinya. "Amma ni ba a sa mani rana da kowa ba. Ba zan ce maki ba komai ba, don da komai. Zauna. Ki buɗe littafin ki gyara."

Na buɗe baƙin littafin na nemo shafin. Ga layin da na ja, ya ɗan koɗe. A gurbin mai jira, sunan Sada ne, da rubutuna na wancan lokacin. Na koma sabon shafi na sake rubuta ta. A gurbin mai jira na sa Ramla, ƙanwarta.

Malam Dabo ya amshi takardar, aka karanta mashi sunan ƙarshe aka yi mashi bayani. Bai yi mamaki ba.

"Wadda aka yi ma salla? Ita ce ta uku irin haka a hannuna." Ya ninke takardar ya tura cikin aljihun ciki. "'Yata, in Allah ya sa na gan ta, za ta tambayi gida. Duk suna tambaya. Me zan ce?"

"Ka ce Inna da Baba suna lafiya."

"Sai wa?"

"Sai ni."

Ya jira ko zan ƙara. Da ya ga ban ƙara ba, ya ɗauki sandarsa.

Na iske Baba a zaure. An kawo huhun goro da kwalayen alewa na ɗaurin aure, ya buɗe huhun yana fidda waɗanda suka yi tabo. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, na saɓa maganarka. Na sa sunan Yaya a takardar Malam Dabo."

Bai ɗago ba. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi, ya aje, ya ɗauki wani. Ina jin motsin Gwaggo bayan labule.

"Me kika rubuta?"

"Furera Habibu, Katsina."

"Habibu nawa ne a Katsina?" Ya yi gyaran murya. "Ki kira su Malam Dabo yanzu. A ƙara Gobarau. A ƙara mai littattafai. Kada su ce ba su gane ba."

Gwaggo ta yaye labule. "Habibu, Juma'a fa? An gaya ma mutane."

Baba bai dube ta ba. Ya jawo ganyen ya rufe goron, ya ɗaure bakin huhun da kyau, ya share ido da hannun riga.

"Kafin nan kira mani Sada. Yaron nan ya yi kukan da ko ni ban yi ba. Shi ya kamata ya fara jin albishir ɗin nan, kuma daga bakina."

Na fiddo wayar. Na nemo sabuwar lambar. Baba ya riga ya miƙo hannu, fuskarsa da wani haske da rabona da ganinsa wata ashirin da biyu. Na danna kira, na miƙa mashi da hannu biyu. Daga inda nake durƙushe ina jin ta tana shiga.